Fiya a Cikin Shinkafar Sadaka

Ku yaran yanzu kuna ganin abin a waya. Burodi gasasshe an shafa masa kore, an ɗora ƙwai, an barbaɗa riɗi, sai ku ce wannan ai ko da ido a rufe a yi shi. To ku zauna ku ji. Ni Sale, wanda mutanen unguwar Hindawiyya a nan Makka ke kira Sale Gidir, na dafa ɗan raƙumi sukutum hannuna bai yi rawa ba. Abin da ya kusa sa a jefa ni a mota a kai ni tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora daga ƙasar, burodi ne da fiya.

Aikina na farko a wajen Usta Garba, shugabanmu na masu girki, shi ne wankin gidir. Gidir tukunya ce wadda sai ka cire takalmi ka shiga cikinta da soso da yashi. A ciki na girma, a ciki na sami sunan. Usta mutumin Sakkwato ne, gajere, mai murya kamar ƙahon bas, shi ke dafa wa bukukuwa, lokacin Hajji kuma ya dafa wa alhazai a unguwar Aziziyya. Bai taɓa ce mini ga yadda ake yi ba. Sai dai in ka yi kuskure ka ji muciya a ƙeyarka, daga nan ka gane. Dokarsa babba ita ce buhu ba ya kwana a buɗe, saboda ɓera da tururuwa. Kowa a cikinmu yana da basilla soke a hularsa da zare a jiki. Ka farke buhu, ka ɗebi abin da za ka ɗiba, ka ɗinke. Shi kuma ya nuna mini yadda ake nunar da ɗanyar ayaba da mangwaro: ka naɗe a takarda, ka tura can tsakiyar shinkafa inda yake da ɗumi, ka manta da su kwana kaɗan. Waɗannan abubuwa biyu sun shige mini jini kamar alwala.

Wata shekara motar abincinmu ta maƙale a hanyar Muzdalifa, bas gaba bas baya, ba gaba ba baya. Muka sauke gidir muka soka sanduna a kunnuwansa muka ɗauka a kafaɗa, romo yana zubo mana a baya. Har yau akwai tabo a kafaɗata. Da muka isa, wani alhaji ɗan Zariya ya ɗanɗana ya ce gishiri bai ji ba. Wannan shi ne aikin da na sani: wuta, nauyi, da ɗan Adam wanda ba ya godiya. Ban taɓa jin tsoronsa ba, domin shinkafa ba ta yaudara. In ta dahu ta dahu.

Sai shekarar annoba ta zo. Usta ya riga ya rasu, 'ya'yansa ke riƙe da wurin. Alhazai ba su zo ba, ba biki ba walima. Muka kife tukwane a tsakar gida har kyanwa ta haihu a ƙarƙashin ɗaya. Daga ƙarshe aka rufe wurin. Ku da aka haife ku da takardar ƙasa ba za ku gane ba. Ni a goye uwata ta shigo da ni ta Sudan. Ban san Kano ba sai a bakin alhazai, ba ni da ko ɗakin kaji a can. Zamana a nan ya rataya ne a kan igama, wato takardar izinin zama, igama kuma ta rataya a kan kafili, wanda ya ɗauki nauyinka. Ba kafili, ba kai.

Hajiya Ummu Faisal ce ta karɓe ni. Jikar Hausawa ce, 'yar ƙasa, Hausarta rabi Larabci. Tana da ɗakin girki a Aziziyya inda ake shirya abincin taron mata. Ranar farko ta miƙo mini wata wuƙa kamar ta yankan farce da wani ɗan katako, ta ce ga kayan aikina. Na duba ko wasa take. Ba ta wasa, ita. Mace ce da ba ta ɗaga murya, in ta yi fushi sai ta yi shiru, shirun nan kuma ya fi muciyar Usta zafi.

A nan na haɗu da fiya, wadda Larabawa ke ce wa afokado. A da na san ta a kofi kawai, an markaɗe da madara da zuma. Ban san munafuka ba ce. Yau ka taɓa ta kamar dutsen jifa, ka juya baya ka dawo ta ruɓe. Tsakanin dutse da ruɓa akwai ɗan lokaci kaɗan, a cikinsa sana'ar take. Ba a latsa ta a ciki, sai a wuya kusa da hancin, da babban yatsa, a hankali kamar kana duba zazzaɓin jariri. In ka yanka, agogo ya fara. Iska na taɓa ta take fara baƙi, sai ka yi maza da lemon tsami da gishiri. Da cokali mai yatsu ake farfasa ta, kada ta yi laushi kamar kunu, kada ta yi gudaji kamar fura. Burodin kuma sai ya gasu har ya yi ƙara, amma in ka shafa da wuri ya jiƙe ya zama tsumma. Shi ya sa ba a yin ta a ajiye. Ni da na saba gama girkin mutum dubu tun da asuba in rufe in yi barci, sai ga ni ina gadin yankan burodi kamar mai jego.

Su kuwa masu cin, 'yan mata ne da matan aure masu ƙamshin turare. Ba sa ci sai sun ɗauki hoto. Wata ta taɓa dawo mini da faranti wai 'ya'yan rumman sun taru a gefe guda. Na ce ranki ya daɗe, a ciki ma taruwa za su yi. Hajiya ta kalle ni. Ban ƙara ba.

To ga aikin da nake son ku ji. Ƙarshen Sha'aban ne, sanyi ya wuce zafi bai kama ba, lokacin da mutanen Makka ke yin Sha'abana, dangi su fita su ci su sha kafin azumi. Wasu manyan mata suka kama istiraha, gidan shaƙatawa mai lambu a bayan gari, suka ce ba sa son shinkafa da nama irin na iyayensu, karin walaha suke so, tsakanin kumallo da abincin rana, kuma burodi da fiya shi ne kan gaba. Wani da ƙwai, wani da farin cuku da rumman, wani da ƙananan tumatir da za'atar, yajin nan na Larabawa, wani da jan kifi, wani da zuma da barkono. A lokacin igamata ta ƙare. Na yi wa Hajiya magana. Ammi take ce mini, wato baffa. Ta ce, "Bayan Sha'abana mu gani, Ammi Sale. Ma'aikata sun yi mini yawa." Tun daga ranar ba na bin babban titi. In na hango motar sintiri sai in shiga kanti in tsaya ina tambayar kuɗin abin da ba zan saya ba.

Na je kasuwar kayan lambu, duk garin Sha'abana ake, nunanniyar fiya ta ƙare ƙaf. Sai ɗanye shar. Na sayi kwali biyu, ban gaya wa Hajiya ba, don kada shirun nan ya sauka a kaina. A sito na tarar da ƙananan buhunan shinkafa an jera. Na ce Allah ya ji ƙan Usta. Na samo tsofaffin jaridu, na naɗe kowace fiya, na ɗaure da zare don kada ta warware, na farke buhunan sama na tura uku huɗu a kowane, na ɗinke tsaf. Zaren da ke basillata a ranar baƙi ne. Abin da ke rubuce a jaridar kuwa ban sani ba. Bakina ya iya Larabci, idona bai iya ba.

Ranar taron na yi asuba na buɗe sito. Fili fetal. Ko ƙwayar shinkafa babu.

Na sami direban Hajiya, Idrisa, mutumin Chadi, yana wanke mota. Na ce ina buhunan? Ya ce, "Na azumi? Ai jiya da la'asar na raba su a Hindawiyya. Sadakar mahaifin Hajiya ce, kowace shekara ana yi." Na zauna a kan tayar mota. Na gaya masa abin da ke ciki. Ya yi dariya har ya saki tiyo, sannan ya dubi fuskata ya daina.

"Usta Sale, sadaka za ka je ka karɓo?"

"Ba shinkafar ba. Hannu kawai zan sa."

"A unguwarku? Da igamar nan taka?"

Na ce tashi mota.

Gidajen farko ba su buɗe buhun ba, suna jiran azumi. Sai kunya kawai. Ka yi sallama a gidan mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci, ka ce ka zo duba cikin sadakarsa. Wani tsoho ya ce, "Sale, ko zinariya ce ta faɗa?" Na ce Baba, ta fi zinariya. Ina farkewa, ina lalubo, ina ɗinkewa, ina ba da haƙuri. Na latsa ɗaya a wuya. Ta nuna daidai, kamar man shanu. Har na fara jin numfashina yana dawowa.

Sai muka shiga lungun Inna Dije. Tun daga bakin lungu na ga mutane. Inna Dije tsohuwa ce 'yar Damagaram, mai sayar da yaji da kuka, ta san uwata. An jawo buhunta waje an zazzage a kan tabarma. Ga ƙullina huɗu a ƙasa, naɗe da rubutu, ɗaure da baƙin zare, mutane sun ja da baya sun yi musu da'ira. Wata mata tana karanta Falaƙi da Nasi da ƙarfi. An watsa gishiri kewaye. Ɗan Inna, Mamman, mai tasi, yana tsaye da waya a hannu, yana shirin kiran hukuma.

Sai a lokacin na ga abin yadda mutane ke ganin sa. Takarda mai rubutu, baƙin zare, an binne a cikin abinci an ɗinke. Ku kun san me ake yi wa wanda aka kama da sihiri a ƙasar nan. Ba maganar kora ba ce kawai, har kan mutum ake iya sarewa. Kuma ga ni baƙo, baƙin mutum, ba takarda. Idrisa ya raɗa mini, "Mu juya, ba wanda ya san kai ne." Wallahi na juya. Ba zan yi muku ƙaryar jarumtaka ba, har na ɗaga ƙafa.

"Sale," in ji Inna Dije. "Zo nan. Mene ne wancan a hularka?"

Basillata ce, da baƙin zarenta yana reto a kunnena.

Mamman ya matso. "Kawu, kai ka ɗinke buhun nan?"

"Ni ne. Amma Mamman, don girman Allah sauke wayar."

"Uwata ka nufa, ko wa?"

"Fiya ce! Afokado! Nunar da ita nake!"

Na durƙusa na tsinke zaren ɗaya na warware. Mata suka ja da baya. Kun san fatarta, baƙi-baƙi da ƙuraje kamar bayan kwaɗo. Inna ta ce innalillahi, ƙwan wace dabba ce wannan? Na zaro 'yar wuƙata na zagaya na murɗa ta rabu biyu. Da ƙwallon nan ya bayyana a tsakiya, wata ta yi ihu ta ce ga ƙullin nan ya fito. Wani saurayi ya ce ai afokado ne da gaske. Na ji kamar in rungume shi. Amma Mamman ya ce, "Na san afokado, kullum ina shan sa a kanti. Wa ya taɓa ganin an naɗe shi a rubutu an ɗinke a cikin abincin mutane? Ai a cikin abin da aka sani ake sa abin da ba a sani ba."

A daidai nan motar sintiri ta zo bakin lungu ta rage gudu, saboda taron. Na ga gilashin yana sauka. Ban san lokacin da na cusa rabin fiyar nan a baki ba, har da ɓawo. Na tauna ina murmushi kamar ango, gumi yana shiga mini ido. Idan Mamman ya ɗaga hannu, shi ke nan. Na kalli hannun nan nasa yadda ban taɓa kallon komai ba. Bai ɗaga ba. Motar ta tsaya jim, ta wuce.

"Ci sauran," in ji Inna. "Duka huɗun. Muna kallo."

Na ce Inna, ana jiran su a wajen taro. Ta ce ita ma jira take. Na roƙi gishiri, aka ce in ɗiba a wanda aka watsa a ƙasa. Haka na zauna a tsakiyar lungu na cinye fiya huɗu, ba burodi ba ruwa, rana tana hawa, yara suna leƙe ko zan fara kumfa. Wanda bai taɓa cin fiya huɗu a jere cikin tsoro ba bai san abin da ake kira gundura ba. Mamman ya ɗauki takardar da bakin makulli ya buɗe ya karanta. Ya ce tallan firji ne, an yi rangwame. Ta biyu kuma labarin ƙwallo. Wasu suka yi dariya. Inna ba ta yi ba. Ta ce, "Je ka. Amma shinkafar nan ba za ta shiga tukunyata ba. Ka gaya wa Hajiyarku, 'yar Alhaji, na gode."

Muka tattara abin da ya rage a sauran gidajen da gudu. Ba duka muka samu ba. Wani gida sun jefar, wani gida ba kowa. Muka isa istiraha baƙi sun fara sauka daga motoci. Na wanke hannu na tsaya a gaban katakon yanka. Fiyar ba za ta isa ba, sai na shimfiɗa labna a ƙasa, madarar nan mai kauri, na ɗora koren a sama. Garin sauri har ƙwai biyu suka fashe mini. Gasa, shafa, ɗora, fitar. Rumman a wannan, tumatir a wancan, riɗi da habbatus sauda, ɗigon man zaitun. Ƙamshin fiya yana tayar mini da zuciya, ina jin tafi da dariyar mata daga lambu. Ban ji daɗin ko ɗaya ba, domin ta taga na ga Hajiya ta ɗaga waya. Ta daɗe tana saurare. Sannan ta juyo ta kalli tagar.

Ba ta shigo ba. Ta bar ni da shirun har baƙi suka watse, har na wanke faranti na ƙarshe. Sai ta tsaya a ƙofa.

"Ammi Sale, me ka binne a shinkafar babana?"

Na faɗa mata daga kasuwa har lungu. Ba ta yi dariya ba ko a wajen firjin.

"Tun ina yarinya ake kai buhunan nan da sunansa," ta ce. "Yau an kira ni ana tambaya ko gidanmu ya fara raba asiri. Gobe da hantsi ka zo."

Ba ta ce in zo in yi me ba. Na koma gida na dubi kayana, na ga duk abin da na mallaka zai shiga jaka ɗaya. Na tambayi maƙwabcina ko a Kano ana samun aikin dafa abinci ga tsoho. Ya ce shi ma bai taɓa zuwa ba.

Da hantsi Idrisa ya ɗauke mu, ita a baya ni a gaba. Kowace kwana na zaci ofishin hukuma za a nufa. Sai na ga mun shiga Hindawiyya. Ta sauka a bakin lungun Inna Dije, da abayarta mai tsada, ta taka ruwan kwata ta shiga. Ta durƙusa ta gaida tsohuwar da Hausarta mai karyewa. Ta ce a kawo shinkafar jiya. Ta ce da ni, "Dafa." Na dafa a 'yar tukunyar Inna, a kan risho, fara, da mai da yaji. Hajiya ta zauna a tabarma ta sa hannu ta ci, maƙwabta sun cika ƙofa. Ta ci har ta suɗe yatsu. Inna tana kallon ta, tana kallon ta, sannan ta jawo kwanon gabanta ta ce, "Bari haka, 'yar nan, kada ki cinye mini sadaka." Ta kai loma. Ta ce shinkafar ta yi ruwa, wai ni da ake ce wa Gidir.

A mota, sai da muka kusa Aziziyya Hajiya ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Zan sabunta maka igama bana."

Na fara jero godiya. Ta ɗaga hannu.

"Bana na ce, Ammi Sale."

Shi ke nan abin da na samu, kuma shi nake samu tun daga lokacin, kalma ɗaya a shekara. Don haka in kun ga burodin nan a waya, kore shar da ƙwai a sama, ku sani akwai wani a bayan taga yana kallon fuskar mai gida. Ga Sha'aban ya sake kamawa. An fara maganar istiraha, an ce in je kasuwa gobe. Ita kuwa Hajiya har yanzu ba ta ce komai ba a kan igamata.